Maɓallin Auta

Umma ta tare nas ɗin a bakin ƙofa, ko gaisuwa babu.

"Sista, jiya kuka tsaga bayan 'yata Auta kuka jera mata ƙarafa wai don ya miƙe. Zo ki ga yadda take cizon zanin gado. Nan asibiti ne ko mahauta?"

Nas ta raɓa ta wuce. Ta shiga ta duba na'urar da ke tura maganin ciwo a jijiyar Auta, sai ta ɗaure fuska.

"Tun safe ba ta danna ba. Ina maɓallin? Na ce in ciwo ya taso ta danna da kanta, na'urar ba ta ba da fiye da kima."

Suka bi wayar da hannu. Can bayan gado suka same shi, an naɗe shi a jikin ƙarfe an ƙulle tam. Umma ta juya. Maigidanta na zaune a kujerar roba, ya ƙura wa takalmansa ido kamar yau ya saye su.

"Baban Auta, kai ne?"

"Irin maganin nan ne ya cinye mana yayanta," ya ce a hankali. "Shi ma da karaya ya fara. Yau ina yake kwana? Ƙarƙashin gada."

Ran Umma ya ɓaci. Yaron nan ai ita ta haife shi, ba a titi ta tsince shi ba, kuma ta fi kowa kukansa. Amma a ce mutum ya zauna yana kallon 'yar cikinsa tana jiƙa filo da gumi, wai shi mai hangen nesa.

"Shi a bayan tasha yake sayen nasa. Wannan likita ne ya auna mata. Don ka rasa ɗaya, shi ne za ka gasa ɗayar?"

Ta warware wayar, ta danƙa wa Auta maɓallin. "Danna, uwata."

Auta ta riƙe shi kawai, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Umma ta kai hannu za ta danna mata, nas ta riƙe ta.

"A'a. Mai ciwon kaɗai ke dannawa, ita ta san inda ya kai."

Umma ta dubi Auta. "To ki danna mana, me kike jira?"

Auta ta juyo da idonta wajen ubanta, muryarta da ƙyar take fita.

"Baba ya ce in na danna, ni ma ba zan dawo gida ba."