Wa Zai Tsaya wa Ɗan Kafinta

"Ku sauke ni! Na ce ku sauke ni!"

Mu biyu muka ɗago shi daga cikin ɓarɓashin katako, maigidana ya kama hammata, ni na kama ƙafafu, amma tsohon nan sai fizge-fizge yake kamar mahauta za mu kai shi. Jinin da ya fito da tarinsa ya ɓata masa gaban riga. Wallahi nauyinsa bai kai na rabin buhun gawayi ba.

"Baba, asibiti za mu kai ka," in ji maigidana.

"Asibitin wa? In ta zo ba na nan fa?"

Dole muka jingina shi da bencin aikinsa. Ya goge baki, ya ce in miƙo masa wata rigar.

Baba Kafinta maƙwabcinmu ne. Bango ɗaya ya raba ɗakina da shagonsa, tun ina amarya nake tashi da ƙarar zartonsa. Ɗansa ɗaya tak a duniya. Yana da shekara sha shida faɗa ya haɗa shi da wani yaro a filin ƙwallo, ya rugo shago ya ɗauki guduma ya koma. Wancan yaron ya kwana uku a asibiti ya cika. Ba zan wanke shi ba, rai ya kashe, kuma da idona na ga uwar mamacin tana birgima a bakin titi. Amma takardar haihuwa babu, ga shi dogo, har gashin baki ya soma fito masa. Alƙali ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai babba ne, ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Shekara ashirin da biyar ke nan. Uwarsa ta rasu a ta shida. Har gobe Baba "Yaro" yake ce masa, mutumin da ya haura arba'in.

To bana sai aka kafa kwamitin da zai sake duba waɗanda aka ɗaure tun suna yara. Ni na karanta wa Baba takardar, don idonsa ya daina ganin rubutu. Sharaɗin shi ne a sami wanda zai tsaya wa fursuna, mai ɗakin da zai ba shi da sana'ar da zai ɗora shi a kai. Za a turo jami'a ta gani da idonta, kuma ba a faɗin ranar zuwanta, don kada a shirya mata ƙarya.

Tun daga ranar Baba bai ƙara barin shago ba daga safe har faɗuwar rana. Ko banɗaki zai zaga sai ya buga min bango in fito in tsare ƙofa. Ya shafe ƙaramin ɗakin baya da farin fenti, ya haɗa gado, ya ƙara masa tsawo, wai Yaro dogo ne. Masu kawo aiki sun daɗe da gudu, amma ya ɗora wata kujera mai ƙafa uku a kan benci, kullum yana goge ta da samfefa don a ga shago na ci. Ciwon kuwa ɓoye shi yake kamar kayan sata.

Kwana huɗu bayan faɗuwar nan na kawo masa shayi, ya kasa ɗaga kofin. Nan fa raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami.

"Baba, kai wane irin taurin kai ne da kai? Gawa ce za ta tsaya masa? Awa biyu kacal, likita ya duba ka mu dawo."

"Maman 'yan mata, awa biyu kika ce?"

"Awa biyu."

"Ki rantse."

Na rantse. Kuma ni da hannuna na ja ƙofar shagon na danna kwaɗo, wai don kada a kwashe masa kayan aiki. Kayan aikin banza! Da na bar ta a buɗe na zaunar da babbar 'yata a ciki, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Awa shida muka yi a layi. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ja ni gefe ya ce huhun ya riga ya tafi, a kwantar da shi. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai kwana ba. Muka dawo da yamma, ina buɗe kwaɗo sai ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. An zo ba a sami kowa ba, shago a rufe, za a dawo bayan sati huɗu.

Mai facin taya na tsallaken titi ya taho yana goge hannu. "Ai wata mata ta zo da jaka, ta daɗe a tsaye. Ta ce ko shagon na aiki? Na ce yana yi mana, mai shi ne dai ba lafiya, an kai shi asibiti."

Ji na yi kamar in shaƙe shi. Sai dai shi gaskiya ya faɗa, ni ce na yi rantsuwar ƙarya.

Baba bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi in sake karantawa. Na sake.

"Sati huɗu kwana nawa ke nan?"

"Ashirin da takwas, Baba."

"To," ya ce. "Ɗora min kujerar nan a benci."

Kwana sha bakwai ya iya yi. A na ƙarshen da hantsi ya sa muka kawo masa tabarma bakin ƙofar shago, muka tokare masa baya da matashi yana fuskantar titi. Duk macen da ta wuce da jaka sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Can ya kama min bakin zane.

"Maman 'yan mata, in na tafi kafin jami'ar ta dawo, ke kin san Yaro. Ke kike aikensa sayen kananzir."

Na san abin da yake roƙo sarai. Na ce, "Baba, sha ruwa."

Bai sha ba. Kafin rana ta take tsaka ya cika, samfefa na hannunsa. Muka binne shi da yamma, mutanen layi sun yi ƙoƙari.

Ranar da aka ce kuwa jami'ar ta dawo. Yarinya ce ƙarama, ba ta da mugunta ko kaɗan, har gaisuwar rasuwa ta yi mana. Ta leƙa ɗakin baya, ta ga farin fenti, ta ga gadon. Sannan ta buɗe takardunta a tsaye.

"Mama, ba lalle sai ɗan'uwa na jini ba. Maƙwabci ma zai iya tsaya masa. Kun san shi?"

"Mun san shi yana yaro," na ce.

Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. 'Yan matana biyu suna tsaye a bakin ƙofarmu, ƙaramar ko sha huɗu ba ta cika ba. Na dube su, na tuna matar nan da ke birgima a titi. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar a kulle, wa ya san abin da aka mayar da shi? Jami'ar ta ɗaga biro tana jira.

"Ba mu da wuri," na ce.

Ƙarya ce, ga ɗaki a gabanmu, mai gidan hayar ma da ya yarda. Tsoro na ji, ba komai ba, kuma har yau kunyar kaina nake ji. Ta rubuta layi ɗaya ta rufe.

"Yanzu sai yaushe?" in ji maigidana.

"Sai in kwamiti ya sake zama. Ni ma ban san yaushe ba."

Sai bayan tafiyarta na tuna kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwar, babu wanda ya gaya wa Yaro. Washegari na hau mota biyu na je gidan yarin, na ce ko wannan ɗin dai in yi da bakina. Na bi layin masu ziyara har na kai taga. Gandiroba ya jawo kati ya duba.

"Suna ɗaya ne a nan, na mahaifinsa. Ke wace ce a wurinsa?"

"Maƙwabciya."

"Ba ki cikin kati, ba za ki shiga ba. Saƙo ne?"

"Mahaifin nasa ne ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Za a gaya masa."

Ya yago 'yar takarda, ya rubuta lambar Yaro da kalma uku, ya soke ta a wata ƙusa da ke jikin tebur, bisa wasu da yawa da suka riga ta. Ya ce na baya ya matso. Na koma gefe na tsaya, fanka na juyawa a sama, gefen takardar yana ɗagawa yana komawa.