Mai Riƙe Kai

Mutum biyar sun riga sun damƙe zanin gadon, suna jiran Imelda Barrera ta ƙirga. Haka ƙa'idar take a sashen masu korona na asibitinsu a El Paso. Idan za a juya majinyaci rub-da-ciki don huhunsa ya sami iska, wanda ke riƙe da kai da bututun numfashi shi kaɗai ke ƙirgawa, sai ya ce uku a ɗaga. In bututun ya zame, sai dai wani ba wannan ba.

Wata takwas ke nan Imelda na riƙe kai. Rabonta da hutu kwana goma sha tara, kuma ba wanda ya sa ta dole. A garejin gidansu take kwana don kada ta shafa wa mahaifiyarta cutar. In ka cire mutanen nan biyar, ba mai ko dafa mata kafaɗa.

Ta buɗe baki, ƙirgar ta ƙi fitowa. Tana ta kallon furfurar tsohon da ke kwance.

"Imelda," in ji Wendell, ƙaton da ke shugabantar tawagar, "hannuwan nan namu fa ba ƙarfe ba ne."

Ba ta ko motsa ba. Ya ce a saki zanin, ya ja ta waje.

"Tafi gida. Sati guda."

"Kai za ka riƙe kan? Da waɗannan yatsun naka kamar ayaba?"

"Nayeli za ta riƙe."

"Nayeli? Yaushe ma ta zo? Ko inda muke ɓoye kofi ba ta sani ba!"

"Ke kika koya mata aikin, 'yar'uwa. Jiya sau biyu kika kira ni da sunan mutumin da muka rasa. Ba korarki nake yi ba."

"To me ake kiran wannan?"

Wendell ya koma ciki, don tsohon ba zai iya jiran gardamarsu ba.

Ta tsaya bayan gilashin ƙofar. Nayeli ta matsa wajen kan gadon, ta tallabi ƙeyar tsohon yadda aka koya mata, har da ɗan karkatar da gwiwar hannu irin na Imelda. Suka sunkuya gaba ɗaya, suka ɗaga.

A daidai lokacin Imelda ta ji abin da zuciyarta ke roƙo: su kasa, su waiwayo su kira ta. Ga ran mutum a hannunsu, ita kuwa fatan da take yi ke nan. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya.

Tsohon ya kwanta lafiya lau. Wendell ya ɗago kai yana nemanta ta gilashi, ya ɗaga mata babban yatsa.

Ta ɗaga masa nata. Sannan ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa, ta ɗauki jakarta ba tare da ta yi wa kowa sallama ba.