Kukan Sitiyarin Malam

Motarmu ta fara kuka ne a bakin ƙofar gida. Da zarar Malam ya murɗa sitiyari zai fita, sai wani siririn sauti ya taso daga gaba, kamar kyanwar da aka rufe a ɗakin ajiya. Idan ya miƙe hanya ta yi shiru, idan ya zo kwana ta ɗora daga inda ta tsaya.

Na ce, "Malam, motar nan tana kuka."

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Kunnenki ne ba ya son zaman lafiya."

Malam ba ya ji sosai. Kowa a gidan ya sani, ban da shi. Shekaru ke nan ni ce kunnensa a mota: ina kujerar gaba, in wani abu ya taso in taɓa gwiwarsa. Babban ɗanmu kuwa, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ya daɗe yana neman dalilin karɓe mukullin. Wai tsoho bai kamata ya yi tuƙi ba. Ni dai motocin da nake gani a cikin kwata, duk masu baƙin gashi ne suka kai su can. Kuma Malam in ba mota, daga tabarma sai rediyo.

Maƙwabta sun riga sun gama bincike. Ɗaya ya ce famfon sitiyari ya mutu, ɗaya ya ce bel ne, wani ya ce duk motar da ta tsufa haka take yi. Babu wanda ya buɗe bonet a cikinsu.

Yaya ya ce zai raka mu gareji. Ba rakiya ba ce, shaida yake nema.

Makaniken wani ƙato ne mai furfura, ana ce masa Sarkin Sauri, don ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Kullum fuskarsa da murmushi, ko injin ne ya buga. Ya danna bel da babban yatsa, ya ce bel ba shi da laifi. Ya buɗe murfin kwalbar man sitiyari, ya yafito ni.

"Mama, leƙo ki gani."

Man ya yi ƙasa, ya yi baƙi, samansa duk kumfa.

"Iska yake sha," in ji shi. "Famfon ƙalau yake, ciki ne ya kumbura masa."

Ya bi tiyon da hannu har ya kai inda ya tsage, dab da maɗauri. Ya sa sabo, ya tsiyaye tsohon mai, ya zuba wani. Sannan ya ɗaga gaban motar da jak, ya sa Malam ya zauna yana juya sitiyari, ƙarshen dama, ƙarshen hagu, injin a kashe, murfi a buɗe, iskar tana fita ɓul-ɓul. Malam ya yi aikin da fuskar mai tuƙa jirgin ruwa.

To, Sarkin Sauri yana da ƙa'ida. Ba ya taɓa cewa mota ta gyaru. Mai ita ne zai faɗa da bakinsa, don kada gobe ya dawo ya ce an sallame shi da ciwonsa.

Ya ce, "Baba, tayar da ita ka murɗa. Kai za ka gaya mana."

Kafin in tashi daga benci, Yaya ya shige kujerata ya rufe ƙofa. Gwiwar Malam ta yi mini nisa.

Injin ya tashi. Malam ya murɗa. Motar ta kwarara kuka, har mai walda na kusa ya ɗago kai. Malam ya dubi makanike, ya ga murmushi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ya ɗauke tsaf."

Motar kuwa ta ci gaba da kukanta.

Sarkin Sauri ya sosa ƙeya. "Da sauran iska kaɗan, Baba. A kashe, a sake juyawa."

Aka sake, aka ƙara mai, kumfa ta kwanta. Da aka tayar a karo na biyu, sitiyari ya juya shiru, ko numfashi babu. Malam ya karkata kai, ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare. Ba ya son a kama shi sau biyu.

"Gaskiya har yanzu ina jin ɗan saura," ya ce.

A gida Yaya ya same ni a kicin.

"Umma, kin dai gani."

"Na gani. Motar ma da ta yi kuka ba jefar da ita muka yi ba, gareji muka kai ta. Ka kai ubanka asibitin kunne tukuna."

Ya kai shi. Aka ba Malam 'yar na'urar ji, ƙarama kamar ƙwayar wake, ya saƙala yana cewa don a zauna lafiya ne kawai. Washegari muka fita, mukulli a hannunsa, ni a kujerata.

Ba mu yi nisa ba ya ce, "Mene ne ke ƙwanƙwasa?"

"Ƙofar baya ce."

"Wannan gurnanin fa?"

"Salansa ce, bututun hayaƙi."

Muka hau babban titi yana tafiyarsa ta kullum, a tsakiyar hanya, a natse. Bayanmu ya kaure da hon. Wani direban tasi ya wuce mu, ya leƙo ya ambaci kakannin Malam ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya ce, "Da wa yake?"

"Da kai."

"Yau aka fara?"

"A'a, Malam."

Ya sami wuri ya juya, sitiyarin bai ce uffan ba, muka koma gida.

Da yamma ya aika aka kira Yaya, ya ajiye masa mukullin a kan tebur.

"Ɗauki," ya ce. "Motar nan ta tsufa, ba ta dace da ni ba. Mutanen gari kuma tarbiyyarsu ta lalace. Ranar Laraba uwarka tana da unguwa, kada ka makara."