Igiyar Kawu Abusala

Dandamalin samar da wutar lantarki yana tsakiyar teku, tafiyar minti arba'in daga tsibirinmu, kuma ransa duka a bututu ɗaya yake. Bututun ya nutsa mita dubu yana zuƙo ruwan sanyi. Ruwan saman teku mai ɗumi ya ta da tururi, tururi ya juya injin wuta, ruwan ƙasan teku ya sanyaya shi, a sake zagayowa. Da wannan wutar ake yin ƙanƙarar da masunta ke zuba wa kifi tun suna kan ruwa. Shekara huɗu Muthukoya yana kula da injin, ya san muryarsa fiye da ta matarsa.

Gefen dandamalin akwai wata jar ganga mai shawagi, ita ke riƙe da sarƙar da ke hana bututun lilo. An rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro kada a ɗaure jirgi. Sai dai kifin tuna bai yi makaranta ba, inuwar gangar yake so. Inda kifi ya taru kuwa, nan za ka ga Kawu Abusala.

Yayan mahaifiyar Muthukoya ne. A wajenmu gida na mata ne, amma magana ta kawu ce. Shi ke raba itatuwan kwakwa, shi ya sa Muthukoya a jirgi ya tafi karatu birnin Kochi, shi ya nema masa aure. Za ka yi musu da ubanka ka kwana lafiya, ban da kawunka.

Ranar da ya fara ɗaure jirginsa, Muthukoya ya leƙo ya ce a hankali, "Kawu, gangar nan ba ta ɗaurin jirgi ba ce."

"To ta ado ce?" in ji tsohon. "Kai da na wanke wa kashi, yau kai za ka nuna mini inda ake ɗaura igiya? Karatun Kochin ke nan?"

Masunta suka kwashe da dariya. Muthukoya ya koma ciki ya dafa masa shayi.

Jirgi ɗaya ya zama uku, kowa ya ɗaure a wutsiyar na gabansa. Muthukoya ya rubuta wa ofis bai ambaci suna ba, suka ce ya kore su, kamar kaji ne. Ya je wa mahaifiyarsa tana ƙyafe kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce yayanta ya shekara hamsin a teku, bai taɓa ɗaure igiya a inda bai kamata ba.

Gab da damina, wata safiya iska ta juyo, teku ya fara tashi. Jirage bakwai ne rataye da gangar, duk nauyinsu a kan sarƙar. Kifi kuwa ya haukace, sandunan kamu sai sama da ƙasa suke yi. Muthukoya ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya waiwayo. Ya ɗauki wuƙa ya shiga ƙaramin kwale-kwale. Igiya ɗaya ce zai yanke duka su saku, amma ta Kawu ce, kuma a gaban mutane. Ya isa har ya dafa ta. Ya ji kunya ta riƙe masa hannu, ya tsani kansa, ya juyo.

Yana hawa dandamalin ya ji ƙarfe ya girgiza ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ruga wajen ma'aunin ruwan sanyi. Allurar da kullum take kan digiri bakwai ta hau sha biyu, ta wuce ashirin, ta je ta tarar da ta ruwan ɗumi. Injin ya yi ta rage murya har ya yi shiru. Bututun ya karye, yana gangarawa inda babu mai nutson da zai kai. Jirgin da zai kawo wani sai bayan damina, in ma an yarda a kawo.

Da azahar Kawu ya matso, kifi har gwiwarsa, baki har kunne.

"Ɗana, ƙanƙara bulo arba'in. Yi sauri, rana na dukan kifi."

"Babu, Kawu. Bututun ya tafi."

Tsohon ya dube shi, ya dubi injin. "To gyara mana, ba kai ne mai karatu ba? Muna jira."

Ya juya jirginsa ya koma ya ɗaure a jikin jar gangar, wadda yanzu ba ta riƙe da komai.