Kwana Tara a Kan Dutse

"Ki riƙe shi a zaune, Malama, kar ya kwanta!" in ji ɗan tsohon, yana murza sitiyari a kwanar farko.

Malama ta tallafo tsohon a kujerar baya. Leɓɓansa sun yi shuɗi, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ta ɗura masa sauran ruwan gorar roba, ta rufe ta, ta ajiye a cinya. Na'urar auna iskar jini da ma'aikaciyar jinya ta maƙala masa a yatsa ta nuna saba'in da takwas. Matar ta ce huhu irin nasa bai iya iskar tudu ba, su sauka da shi yanzu-yanzu.

Kwana tara ke nan da ya zama maƙwabcinta. Shekara talatin ya yi yana niƙa, ƙurar injin ta cinye masa huhu. Ɗansa mai gyaran eriyar waya ya hauro da shi kan dutsen don ya shaƙi iska mai tsabta, kullum yana wage masa tagogi.

"Iskar taku shayin marowaci ce, 'yata," ya taɓa ce mata. "Ina ta sha, ba na ƙoshi."

Dariya ta yi a ranar. Ta ga yana tsayawa sau uku tsakanin ƙofa da famfo, amma kunya ta hana ta yi wa ɗan magana.

"Nawa yanzu?" in ji ɗan.

"Saba'in da huɗu."

Wata motar katako ta tare gabansu, tana rarrafe. Ɗan ya danne hon, ya nemi ya wuce ta gefen rami.

"Kai, yaro, a hankali," in ji tsohon, kalma ɗaya-ɗaya. "Kar ka kashe ni kafin lokacina."

Kunnuwan Malama suka toshe, suka buɗe. Iskar da ke shigowa ta fara ɗumi. Ta duba na'urar: lambar ta ɓace. Ta mayar da ita wata yatsar. Ta sake mayarwa wata. Kan tsohon ya yi mata nauyi a kafaɗa, kukan ƙirjinsa ya ɗauke.

"Malama, nawa?"

"Ka dai kula da hanya."

A ƙofar asibiti, can ƙasa, ɗan ya fita a guje yana kiran a kawo gado. Ita ba ta motsa ba. Gorar da ta rufe a saman dutse ta lotse a cinyarta, kamar wani ya matse ta da hannu.