Sunan Ƙwayar Bahar Maliya

Khalida ta samo ta ne a ruwan Bahar Maliya, kudu da Jidda. Ƙwayar bakteriya ce, sai da madubin ƙara girma ake ganinta, amma hali irin na kura. Takan manne wa wata ƙwayar, ta huda ta, ta shige ciki ta cinye, ta fito da 'ya'ya. Abincin da ake haɗa wa sauran a faranti kuwa ko kallo bai ishe ta ba. In ba masu rai aka zuba mata ba, sai ta mutu. Haka Khalida ta koma kiwon abincin abin kiwonta, ko Juma'a ba ta da hutun kirki.

Ta gwada halittarta da ta duk dangin da aka sani, ba wadda ta dace. Sabon jinsi ne. Mai ganowa shi ke raɗa suna, kuma in sunan ya fito a mujallar masana, ya zauna ke nan.

A wurin aiki an ce mata mabruk, barka irin ta Larabawa, an ci kek, an watse. Ba yabonsu take nema ba. Tun rasuwar mahaifinta Awwalu, da tafiyar ƙannenta birnin Riyad, su biyu suka rage a benen da ke saman shagon mai tsire a unguwar Mansur ta Makka, ita da uwarta Ɗaso. Khalida 'yar fari ce, don haka Ɗaso ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle ta yabe ta. “Ke” ce kawai. Khalida haihuwar Makka ce, ta tashi tana ganin uwayen ƙawayenta na rungume su a ƙofar makaranta. Ta san kunya ce, ba ƙiyayya ba, amma sanin bai taɓa rage mata kaɗaici ba. So take, ko sau ɗaya, uwarta ta buɗe baki a kan aikinta.

Sai ta yi dabara. Ta sa wa ƙwayar sunan mahaifinta, direban da ya ƙare rayuwarsa yana jigilar alhazai daga unguwar Aziziyya. Ta ce wannan kam dole ya motsa tsohuwa.

Ranar da sunan ya fito, ta tarar da Ɗaso tana tsince zogale a tire.

“Umma, halas, an gama, sun amince. Sunan ya fito.”

“To, madalla,” in ji Ɗaso, ba ta ɗago ba.

“Sunan Baba na sa. Awwalui, haka masana za su riƙa kiranta a duk duniya.”

Hannun Ɗaso ya tsaya a cikin ganyen. Khalida ta ɗauka halin ƙwayar ne ya ɓata mata rai, ta yi sauri ta ce, “Wallahi ba zagi ba ne, ya Umma, karramawa ce.”

“Na sani.” Ɗaso ta ajiye tiren. “Ke, tun da kika ce kin gano abin nan nake jiran sunan. Na gaya wa maƙwabciyarmu Zali, na gaya wa matan da muke karatu tare. Na ce su saurara, yarinyar nan za ta raɗa wa halittar Allah suna, ni zan kawo musu shi da bakina. Yanzu da wane bakin? Mutumin da na zauna da shi ban taɓa kama sunansa ba, sai bayan ƙasa ta rufe masa ido?”

Khalida ta san da wannan al'adar sarai. Abin da bai taɓa faɗo mata ba shi ne uwarta na da niyyar faɗa wa kowa.

“Ba a canzawa?” Ɗaso ta tambaya a hankali.

“Ba a canzawa, Umma.”

Sai ga muryar Zali ta taso daga matakala. “Ɗaso! Na ga Duktura Khalida ta shigo. Sunan ya fito?”

Ɗaso ta jawo tirenta, ta ɗaga murya ba tare da ta dubi 'yarta ba.

“Tukuna, Zali. Har yanzu suna dubawa.”