Ba a Feshi a Zaune

Ranar da Malam Lawan ya ɓata ƙofar Fijo, 'yarsa Nusaiba tana aikin safe a asibitin koyarwa, inda take nas. Da ta dawo gida Gyadi-Gyadi da la'asar sai ta tarar da shi a tsakar gida ya zabga tagumi, ya tasa motar a gaba a kan faranti. Eh, a kan faranti, don Fijon nan ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ta roba ce, irin wadda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya harhaɗa da gam sannan ya yi mata fenti. Yayan Nusaiba ne ya aiko da ita daga Legas, bayan likita ya ce a nema wa Baba aikin hannu, kada zama ya yi masa yawa.

Shekara talatin da huɗu Malam Lawan ya yi yana fentin mota a Unguwa Uku, kafin ciwon rawar hannu ya zaunar da shi. Shekara biyu ke nan yana gida, ba um ba um-um, abinci ma sai an yi da gaske. Zuwan kwalin nan ne ya ɗan farfaɗo da shi. Sati uku yana fama, taya ta suɓuce ya lalubo, sitiyari ya karkace ya ɓamɓare ya sake, har mota ta tsaya da ƙafafunta. To, yau ya ɗauki ɗan buroshi zai shafa shuɗi, ya tsai da hannu a kan ƙofa, hannu ya ce bai san zancen ba. Fenti ya yi dame-dame har kan gilashi.

"Ki ba 'ya'yan maƙwabta su yi wasa," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Ni da fenti mun rabu. Kada a ƙara kawo min irin wannan."

Nusaiba ta san uban nata, in ya ce ya bar abu ya bar shi ke nan, kuma in motar nan ta fita daga gidan, zai koma kujerarsa ya ci gaba da kallon bango. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

"Baba, ka ba ni gobe kawai," ta ce. "In bai yiwu ba, ni da kaina zan bayar."

Washegari ta sa shi a adaidaita sahu suka nufi Tarauni. Bai tambayi ina za su ba, sai da aka sauke su a ƙofar wani shago mai ƙamshin bota da sukari, sannan ya dubi allon shagon, ya dubi 'yarsa.

"Kek kika kawo ni in ci?"

"A'a, Baba, shigo dai."

Mai shagon, Obiamaka, ajinsu ɗaya da Nusaiba tun firamare. A Daurawa aka haife ta, Hausa a bakinta ko kai ka ji ba za ka ce ba Bakanuwa ba ce. Kek take yi, tana kuma sayar da kayan aikin kek, ciki har da 'yar na'urar feshin kala. Ta rusuna ta gaida shi, "Baba, ina kwana, ya jiki?" Sannan ta ɗauko na'urar, siririya kamar alƙalami, da ɗan kofi a samanta, da siririn tiyo da ya tafi zuwa wani ɗan kwamfiresa mai gurnani a ƙarƙashin tebur.

Malam Lawan ya jujjuya ta. Masu fentin mota gan suke ce wa bindigar feshinsu, mai nauyi, mai cika hannu.

"Wannan ai jikanyar gan ce," ya ce. "Me take ci?"

Obiamaka ta tuntsire da dariya. Ta ce wannan ita ce mai kyau, da ita take zana fure. Ta nuna masa maɓallin da ke sama: ka danna da ɗan ali iska ta fito, ka ja shi baya kaɗan kala ta biyo. Ta ɗiga jar kalar kek a kofin, ta shimfiɗa farar takarda.

Nan Nusaiba ta yi abin da ta saba yi wa marasa lafiya. Ta jawo kujera ta zaunar da shi, ta kafa masa gwiwar hannu a kan tebur, ta riƙe masa tsintsiyar hannu da nata hannuwa biyu don kada ya motsa. "A hankali, Baba, kada ka yi sauri."

Ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Yatsa ya fara kaɗawa, ya danna, ya saki, ya fizgo baya gaba ɗaya. Fat! Ja ya watsu a takarda, ya fantsamo har kan farin hijabin Nusaiba. Ya sake gwadawa, ta ƙara matse masa hannu, abin ya fi na farko muni.

Malam Lawan ya ajiye na'urar a hankali, ya miƙe. "Na gode, 'yata," ya ce wa Obiamaka. "Allah ya yi albarka. Nusaiba, mu tafi."

Wallahi da Nusaiba ta san haka za a yi da ba ta fito da shi ba. Jiya a gida ya ji kunya shi kaɗai, yau ta kawo shi ya ji a gaban mutane. Ta sunkuya tana neman jakarta don kada a ga idonta.

Bai kai ƙofa ba ya tsaya. A kan kanta, bayan gwangwanayen gasa kek, akwai wata na'urar, mai mariƙi a ƙasa da kunama irin ta bindiga.

"Waccan fa?"

"Ai Baba, waccan kuskure aka yi aka aiko min," in ji Obiamaka. "Nauyi gare ta, ba ta fure. Babu mai kek ɗin da ya taɓa kallonta."

"Miƙo ta."

Yadda ta zauna masa a hannu ma daban ne. Yatsu biyu suka hau kunamar da kansu. Obiamaka ta haɗa tiyo, ta zuba shuɗi. Nusaiba ta sake jawo kujera, ta kai hannu za ta kama shi.

"Ke, sake ni," ya ce. "Wa ya gaya miki ana feshi a zaune?"

Ya ture kujerar da ƙafa. Ya zaro hankici daga aljihu ya ɗaure hanci da baki, tsaf, kamar wanda zai tunkari warin tina, ruwan da ake tsinka fentin mota da shi. Obiamaka ta buɗe baki za ta ce masa wannan kalar lasa ma ake yi, Nusaiba ta take mata ƙafa. Ya sa aka manna takardar a jikin kwali a tsaye, ya ware ƙafafu, ya ja da baya taku ɗaya. Hannun na rawa, kowa na gani. Sai ya ɗauko shi tun daga kafaɗa, ya fara tafiya da shi tun kafin ya iso takardar, ya ja kunama, ya wuce, ya saki bayan ya fita ɗaya gefen.

Layi ya kwanta shuɗi, santal, babu ɗigo ko ɗaya. Ya dawo ta ƙasansa, rabi a kan rabi, ya sake komawa. Muddin hannun yana tafiya, rawar ba ta samun wurin zama.

Nusaiba ta dafe baki. Ta san wannan fa! Ta karanta, ta ci jarrabawa a kai, cewa irin ciwon Baba ya fi kaɗa hannu in yana ajiye, in ya kama tafiya sai ya lafa. Amma shekara biyu tana ce masa zauna, tsaya, bari in riƙe maka. Kunya da murna suka haɗu suka kama ta.

Obiamaka ba ta yi shawara da kowa ba. Ta buɗe firij ta ɗauko wani farin kek mai hawa biyu, na bikin suna, ta ɗora a kan faifan da ke juyawa.

"Shuɗin sama suke so, Baba. In ya ɓaci na sake shafe shi."

"Juya shi. Kada ki tsaya sai na ce."

Tana juyawa yana bi, sama zuwa ƙasa, har farin ya ɓace. Wata mata da ta shigo sayen fulawa ta tsaya kallo da kuɗinta a hannu. Da ya gama ya sauke hankicin, ya ce wannan mai kunamar za a naɗe masa, a haɗa da kwamfiresa, a kuma wanke ta tas, don fenti za ta sha daga yau.

"Kai, Baba, ka fi ni iyawa!" in ji Obiamaka. "Dubi kyau!"

Malam Lawan ya sunkuya, ya karkata kai, ya bi gefen kek ɗin da ido ta inda haske ya faɗo. Ya tsuke fuska, ya ja tsaki.

"Kyan me? Nan ya yi kauri, nan kuma bai ji ba. Da a gareji ne sai an kankare. Akwai wani?"

Nusaiba ta juya ta fuskanci kanta, hawaye na zuba, tana dariya. Rabon da ta ji Baba ya kushe aiki tun yana da lafiya.

"Akwai guda uku a firij," in ji Obiamaka.

"To me kike jira? Fito da su."